Mata masu karatun kimiyya a jami'a: Wa ke riƙe da hannunsu?

Ranar da yarinya ta samu gurbin shiga jami'a rana ce ta murna a gidansu. Sai dai ga wadda ta fito daga ƙaramar hukumar Matazu ta jihar Katsina domin karanta fiziks ko kemistiri, daga nan ne ainihin gwagwarmayar take farawa.

Matazu tana cikin shiyyar Funtua, inda akasarin jama'a manoman masara ne da dawa da auduga, kuma kuɗin makarantar yara kan fito ne daga abin da aka kai kasuwa bayan kaka.

Babu jami'a a garin. Tilas ɗaliba ta bar gida zuwa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011, ko ta Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina, ko kuma Zariya ko Kano. Shi kansa marigayi 'Yar'aduwa, wanda ya kafa jami'ar jihar a 2006, malamin kemistiri ne kafin ya shiga siyasa.

Ba ƙwaƙwalwa ba ce matsalar

Waɗannan fannoni ba a karanta su daga ɗaki. Dole ɗaliba ta shafe sa'o'i a ɗakin gwaje-gwaje, wani lokacin har yamma liƙis, mai karatun ilimin duwatsu da ma'adinai kuwa sai ta fita daji aikin bincike na kwanaki. Uban da ya amince da zaman aji da safe zai iya ja da baya idan aka zo nan.

Kuma yana da hujjarsa. A watan Disamba na 2020 'yan bindiga sun kwashe ɗalibai maza fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, a wannan shiyya ta Funtua. A watan Oktoba na 2023 kuma aka sace ɗalibai mata biyar na jami'ar Dutsin-Ma daga gidan da suke haya a wajen makaranta, ƙasa da makonni biyu bayan an yi irin haka ga ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau.

Ga kuma yajin aiki. Wanda ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi a 2022 ya ɗauki watanni takwas. Ga ɗa namiji wannan jinkiri ne kawai, amma budurwar da ta yi watanni takwas tana zaune a gida, da wuya a rasa mai tayar da maganar aurenta. Aure bai hana karatu ba, sai dai yakan sauya wanda za a nemi izini a wurinsa.

Wadda ta riga ta bi hanyar

Tarihin Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id ta Jami'ar Bayero ya nuna haka. An haife ta a 1963 a jihar Kano, ta yi aure tana da shekara 18, ba ta kuma shiga jami'a ba sai da ta kai 29, tana da 'ya'ya. Akwai lokacin da sai da ta sayar da sarƙar aurenta kafin ta biya kuɗin rajista.

Ta kammala digirin digirgir a fiziks a 2013, kuma a 2015 ta samu lambar yabo ta gidauniyar Elsevier, wadda ake bai wa mata masana kimiyya na ƙasashe masu tasowa, saboda bincikenta kan yanayin sararin samaniya. Tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar mata masana fiziks ta Najeriya, ta kuma yi aikin jagorantar 'yan mata masu sha'awar kimiyya tare da gidauniyar Visiola.

Kafin ita akwai Farfesa Deborah Ajakaiye, wadda ta yi digirin digirgir a Jami'ar Ahmadu Bello a 1970, ta zama farfesa a 1980, kuma ake ɗaukarta a matsayin mace ta farko da ta kai wannan matsayi a fannin fiziks a Afirka.

Amfanin irin waɗannan mata ya wuce na abin koyi. Malamar da ta yi goyo tana karatu ta san yadda ake neman a ɗage wa ɗaliba zangon karatu idan haihuwa ta zo, maimakon ta janye gaba ɗaya. Kuma maganarta za ta fi shiga kunnen uba ko miji fiye da ta yarinyar.

Matsalar ita ce irinsu ba su da yawa, kuma yarinyar Matazu ba lallai ne ta haɗu da ko ɗaya ba.

Ba sai farfesa ba

Wani bincike da aka wallafa a 2017 a Jami'ar Massachusetts da ke Amurka ya bi diddigin ɗalibai mata 150 da suka fara karatun injiniya. An haɗa wasu da ɗaliba mace da ta girme su a aji, wasu da ɗalibi namiji, wasu kuma aka bar su haka nan.

Bayan shekara guda, dukkan waɗanda aka haɗa da mace suna nan a fanninsu, yayin da kashi 89 cikin ɗari na waɗanda ba su da kowa suka rage, sai kashi 82 na waɗanda aka haɗa da maza. Masu binciken sun gano cewa abin da ya fi riƙe ɗaliban ba makin jarrabawa ba ne, a'a, jin cewa su ma wurin nasu ne.

Amurka ba Katsina ba ce, kuma binciken na injiniya ne. Amma abin lura shi ne jagororin ɗalibai ne 'yan uwansu, ba manyan malamai ba, don haka tsarin ba ya cin kuɗi mai yawa. Ba kuma baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, inda aka san alaƙar uwar ɗaki da 'yar ɗaki, inda kuma tun ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu ta riƙa tura jajoji suna koyar da matan ƙauyuka a tsarin 'Yan Taru.

Ya zuwa yanzu dai manyan shirye-shiryen tallafi sun fi karkata ga gefe biyu. Shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2020 da dala miliyan 500, kuma Katsina na cikin jihohi bakwai na farko, ya tsaya ne a sakandare. Guraben karatun da ƙungiyar mata masana kimiyya ta OWSD, mai mazauni a Italiya, ta yi fice da su kuwa na masu neman digirin digirgir ne.

Shekarun digirin farko sun faɗa tsakanin biyun. Abin da ya shigo wannan giɓi shi ne asusun bai wa ɗalibai rance na NELFUND da ya fara aiki a 2024, wanda ke biyan kuɗin makaranta da na kashewa, amma ba aikinsa ba ne ya samar wa ɗaliba ɗakin kwana a cikin harabar jami'a, ko wadda za ta je zauren mahaifinta a Matazu ta roƙi a bar ta ta koma.