A Bar Bagobiri Ya Yi Magana Da Harshensa

Idan masu shirya wasan kwaikwayo suka tashi tantance 'yan wasa, babu gwaji mai tsanani kamar a tsayar da mutum shi kaɗai gaban alƙalai, ba abokin zance, ya riƙe hankalinsu da bakinsa. To, a kan me za a tilasta wa yaron Sabon Birni ko Isa ya ajiye Gobiranci, ya ari Kananci, kafin a saurare shi? Kayan aro ba ya rufe katara. A fadar Sarkin Gobir na Isa Narambaɗa ya shahara, da karin harshen ƙasarsa, ga shi har yau jami'o'i na nazarin waƙoƙinsa. A auna gwaninta, a daina keɓe wa Gobiranci fagen barkwanci kaɗai. Allah Ya sa a gyara.