LAFIYA UWAR JIKI: Ka Sauke Tumbi, Kana Son Ƙwanji, Nawa Za Ka Ci?

A wannan wata za mu amsa wasiƙar wani matashi da ya rubuto mana daga Nima, domin tambayar tasa ta shafi samari da yawa a zangunanmu, tun daga Mamobi da Sabon Zango har Aboabo a Kumasi, inda ba ka rasa wani lungu da aka zuba siminti a gwangwani, aka soka ƙarfe a tsakiya, samari na ɗagawa safe da yamma.

Ɗan'uwan namu ya ce bara nauyinsa ya kai kilo 90. Ya rage ci, ya bar lemon kwalba, ya kama tafiyar ƙasa, cikin wata takwas ya sauko kilo 75. Yanzu ya shiga ɗaga ƙarfe yana son jikinsa ya murɗe. Abokansa sun ce masa duk mai son ƙwanji sai ya ci abincin mutum uku. Shi kuma tsoro yake kada tumbin da ya sha wuya ya sauke ya dawo, don haka har yau yana nan a kan kalori wajen 1,900 a rana, kamar yadda wata nas ta lissafa masa tun farko. Ga gajiya, ga ƙarfen da yake ɗagawa ya ƙi ƙaruwa. Ya rufe wasiƙarsa da cewa, "Malam, in saki baki in ci, ko in ci gaba da riƙewa?"

To Malam mai tambaya, mun gode da wasiƙarka, kuma muna yi maka barka da wannan ƙoƙari. Amsar ita ce za ka ƙara ci, amma hawa-hawa, da lissafi.

Kalori dai ma'auni ne na ƙarfin da ke cikin abinci. Giram ɗaya na abinci mai sitaci, irin su shinkafa, masara da rogo, yana ba da kalori 4. Giram ɗaya na furotin, wato sinadarin gina jiki da ke cikin nama, kifi, ƙwai da wake, shi ma 4. Amma giram ɗaya na mai ko kitse, 9 ne cur. In abin da ka ci bai kai abin da jiki ya ƙona ba, sai ka rame. In ya yi daidai, nauyinka ya tsaya. In ya wuce, jiki ya ajiye rarar. Gina tsoka aiki ne mai cin ƙarfi, kuma jikin da ke cikin ƙarancin abinci wata da watanni yakan yi shi da ƙyar. Shi ya sa kake jin gajiya, ƙarfenka kuma ya tsaya wuri ɗaya.

Sai dai shawarar abokanka tana da haɗari ga wanda ya fito daga rage ƙiba. Jikin kilo 75 ba ya ƙona abin da jikin kilo 90 yake ƙonawa, don haka abincin da kake ci a da ya yi maka yawa yanzu. Ban da haka, jikin da ya daɗe yana rasa abinci yakan koyi tattali, ya rage abin da yake ƙonawa, ya kuma ƙara wa mai shi jin yunwa. An gwada wannan a Jami'ar Minnesota ta Amurka a 1944 zuwa 1945, lokacin da wani masani mai suna Ancel Keys ya tara samari 36 da suka ba da kansu, aka rage musu abinci na tsawon mako 24, har suka zubar da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Da aka sake su suka ci yadda suke so, kitse ne ya riga tsoka dawowa, har ya zarce wanda suke da shi tun farko. Kai ba ka sha irin wahalarsu ba, amma halin jikin ɗan Adam ɗaya ne.

Tsoka kuma tana da iyakar saurinta. Sabon mai ɗaga ƙarfe, in ya dage, ya ci daidai, ya yi barci, abin da zai iya ginawa bai cika wuce rabin kilo zuwa kilo ɗaya a wata ba, kuma yakan ragu bayan shekarar farko. Duk abin da ka ci fiye da buƙatar wannan gini, teɓa zai zama.

Ga matakai uku da muke ba ka shawara ka bi.

Na farko, ka komo kan abincin da zai riƙe nauyinka. Ga namiji mai motsa jiki sau uku ko huɗu a mako, ana iya kimanta shi da kalori 33 a kan kowane kilo. Kilo 75 sau 33 ya ba mu 2,475, a ce 2,500. Wannan kimantawa ce kawai, domin mai tura baro a kasuwa ya fi tela mai wuni a kan keke buƙata. Daga 1,900 ka riƙa ƙara 200 kowane mako, cikin mako uku ka kai.

A nan ne mutane da yawa ke firgita. Cikin kwanakin farko sikeli zai iya nuna ka ƙara kilo ɗaya ko ma biyu. Kada hankalinka ya tashi. Tsoka da hanta suna ajiye wani nau'in sukari don aiki, kuma kowane giram nasa yana riƙe ruwa wajen giram uku. Da ka ƙara tuwo da shinkafa, wannan rumbu da ya daɗe babu komai sai ya cika. Kilo ɗaya na kitsen jiki kuwa sai rarar kalori wajen 7,700 ke tara shi, kai kuma ba ka ci haka cikin mako ɗaya ba.

Na biyu, ka tsaya a kan 2,500 ɗin nan mako uku zuwa huɗu kana ɗaga ƙarfenka. In nauyi ya tsaya, to ka gano ma'auninka. In yana ci gaba da sauka, ƙara kaɗan. In yana hawa mako bayan mako, rage kaɗan.

Na uku, sai ka ɗora kalori 250 zuwa 300 a kai, ya zama wajen 2,800. Za ka yi mamakin ƙanƙantar wannan ƙari a faranti. Dafaffen ƙwai biyu kalori 150 ne, cikin tafin hannu na soyayyar gyaɗa wajen 160. Shi ke nan, ka cika lissafi. Abin lura shi ne mai. Cokali ɗaya babba na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne, don haka in ka tsaya wajen mai waakye ka ce a ƙara shito, a ƙara mai, a ɗora taliya da gari, kana iya ninka ƙarin naka ba ka sani ba.

Game da furotin, abin da bincike ya fi tsayawa a kai ga mai gina tsoka shi ne giram 1.6 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Naka ya kama giram 120. Ƙwai ɗaya yana da giram 6. Giram 100 na dafaffen nama ko kifi yana da wajen 25. Kofin dafaffen wake wajen 13, kofin madara ko nono wajen 8. Ka raba su a ci uku ko huɗu. Da safe koko da ƙosai, ka haɗa da ƙwai biyu. Da rana waakye da kifi, waken ya fi shinkafar yawa. Da la'asar fura da nono ko wagashi. Da dare tuwo da miyar da aka sa mata busasshen kifi ko nama. Ba lallai ne ka kashe kuɗinka a kan garin furotin na gwangwani ba, busasshen amane da wake sun fi shi araha nesa ba kusa ba.

Yaya za ka san kana kan hanya? Ka hau sikeli ɗaya da safe kafin ka ci komai, sau uku a mako, ka rubuta. Ka ari tef na awo wajen tela ka riƙa auna ƙugunka daidai cibiya duk mako biyu. Ƙarin kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi a wata ya isa mai nauyinka. In ƙarfen da kake ɗagawa yana ƙaruwa, ƙugu kuma bai motsa sosai ba, madalla. In ƙugu na gudu ƙarfe na tsaye, cire kalori 150 ka sake dubawa. In wata ya wuce sikeli bai motsa ba, ƙara 150. Barci kuma kada ya gaza awa bakwai, domin a lokacin hutu ne tsoka ke ginuwa. 'Yan'uwa mata masu wannan niyya su ma hanyar ɗaya ce, sai dai adadinsu ya fi ƙasa gwargwadon nauyinsu.

In watan azumi ya same ka a tsakiyar wannan shiri, ka koma mataki na biyu, ka riƙe nauyinka. Ka sa ƙwai, nono ko wake a sahur, ka bar ɗaga ƙarfe sai bayan buɗa-baki.

Kafin mu rufe, akwai gargaɗi. Muna jin labarin samari da 'yan mata masu sayen ƙwayoyin ƙiba a hannun masu tallar magani. Daga cikinsu akwai dexamethasone, wanda ke kumbura fuska da ciki mutum ya ɗauka ya yi jiki, alhali cinye tsoka yake yi, ya kuma jawo hawan jini da ciwon sukari in aka daɗe ana sha. Allurai da ƙwayoyin murɗa jiki da ake sayarwa a ɓoye su ma suna lalata hanta da zuciya, suna rage ƙarfin haihuwa. Mai ciwon sukari, ko hawan jini, ko ciwon ƙoda kuwa, ya ga likita kafin ya canja abincinsa ko ya fara ɗaga nauyi.

Malam mai tambaya, ka yi haƙurin wata takwas ka sauke kilo 15, wannan ma haƙurin yake so. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Ka rubuto mana bayan wata uku mu ji abin da sikeli da tef suka ce.

Masu tambaya a ci gaba da aiko da wasiƙu ta ofishin wannan jarida. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.