Mai Juna Biyu da Hawan Tsauni: Dutsen Ba Zai Gudu Ba

Kwanakin baya wata baiwar Allah mai cikin wata biyar ta yi mini tambaya a wurin awon ciki. Maigidanta zai je aiki ƙasar Tanzaniya tare da ita, har ya shirya musu yawon yini guda a gandun dajin Kilimanjaro. Ta ce, "Likita, ba ƙololuwar za mu hau ba, mu je ne mu dawo da yamma. Akwai matsala?" Na ce mata ta haƙura sai bayan ta sauka lafiya. Ga dalilaina, ko wasu ma za su amfana.

Tsaunin Kilimanjaro ya kai mita 5,895. Masu yawon yini guda sukan tashi daga ƙofar Marangu, wajen mita 1,860, su taka kimanin kilomita 8 zuwa zangon Mandara, wajen mita 2,700, sannan su juyo. Kano kuwa ba ta wuce mita 500 daga doron teku ba. Yayin da mutum ke hawa, nauyin iska yana raguwa. A mita 2,500, iskar oksijin da ke shiga huhu a kowane numfashi takan ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Daga nan ne ciwon tsauni ya fi soma kama mutane: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da haki. Jiki yana buƙatar kwanaki kafin ya saba, shi kuwa yawon yini guda ba ya ba shi wannan dama.

Mai ciki tana numfashi ne domin rai biyu. Zuciyarta ta riga ta ƙara aiki, kuma duk oksijin da ɗan tayi ke samu ta mabiyiya yake bi. Shi ya sa ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ke ganin motsa jiki ba shi da laifi har wajen mita 1,800 ga macen da ba a kan tsauni take zaune ba, amma sama da haka sai da hattara.

Wani zai ce, ai matan Mambila suna noma da ciki, kuma suna haihuwa lafiya. Gaskiya ne, amma can suka tashi, jikinsu ya saba. Gaskiya ne kuma cewa mace mai ƙoshin lafiya na iya hawa ta sauko ba abin da ya same ta. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne nisa da asibiti. Idan jini ya ɓalle, ko naƙuda ta taso kafin lokaci, a tsakiyar daji wa za a kira? Ga santsin hanya, ga gaɓoɓin mai ciki sun saki, faɗuwa ba ta da wuya. Sannan ciwon kai da jirin tsauni sun yi kama da alamun hawan jinin ciki mai kai wa ga jijjiga, ɗan rakiya kuwa ba zai iya bambancewa ba.

Ga mai sikila, mai ƙarancin jini, mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai ɗauke da tagwaye ko wadda ta taɓa zubar jini a wannan cikin, maganar hawa ma ba ta taso ba. Kada kuma a sayi maganin ciwon tsauni a kyamis a sha ba da izinin likita ba.

Wannan shawara ta shafi Chappal Waddi ma, tsauni mafi tsawo a Nijeriya, mai mita 2,419, da ke gandun dajin Gashaka-Gumti a Jihar Taraba, inda asibiti ya yi nisa ƙwarai.

Ba cewa muke mai ciki ta kwanta ba. Tafiyar minti 30 a fili, da safe ko da yamma, tana da amfani matuƙa. Idan an je yawon buɗe ido, ta tsaya a gindin dutse, ta sha ruwa sosai, ta yi tafiyar da za ta iya hira ba tare da haki ba, katin awonta kuma yana cikin jaka.

Magidanta, kada ku ce an riga an biya kuɗi. Kuɗi ana sake nema. Dutsen yana nan, zai jira ku har bayan suna da arba'in. Sannu ba ta hana zuwa. Allah Ya raba lafiya, amin.