Tsibiran Sikotlan: Jirgin da Baƙo Ke Shaƙatawa a Kai, Shi Ne Hanyar Asibitin Mai Gida

Daga watan Mayu zuwa Satumba, hotunan arewacin Sikotlan kan cika Instagram da TikTok: tsaunukan da hazo ya lulluɓe, farin rairayin bakin teku irin na Luskentyre a Harris, da tumaki kwance a tsakiyar titi ba ruwansu da kowa. Cikin masu ɗora hotunan yanzu har da namu, ɗalibai da ma'aikatan lafiya mazauna Glasgow da Aberdeen da biranen Ingila, waɗanda kan haɗa kuɗi su yi hayar mota su nausa arewa idan hutu ya samu. Babu laifi a wannan, ƙasar tana da kyau.

Sai dai akwai abin da hoto ba ya nunawa. Jirgin fiton da baƙo ke tsayawa a samansa yana ɗaukar hoton teku, shi ne kuma hanyar da mutumin tsibiri zai bi ya ga ƙwararren likita a Glasgow, ko ya kai tumakinsa kasuwa, ko ya riski jana'izar ɗan'uwansa. Wurin ajiye mota a cikin jirgin nan ƙididdigagge ne, idan ya cika ya cika. A ganinmu hukumomin Sikotlan sun yi gaggawar tallata wannan yanki ga duniya tun kafin su tanadar masa jirage da hanyoyi, kuma masu biyan kuɗin wannan gaggawa su ne mutanen da ba su da wata mafita sai ta ruwa.

Sikotlan na da tsibirai kusan 790, amma ƙidayar 2011 ta nuna 93 ne kawai ake zaune a cikinsu. Kaɗan ne ke da gada, kamar Skye da ta samu tata a 1995. Yawancin na gaɓar yamma sun dogara ne da jiragen kamfanin CalMac, wanda mallakar gwamnatin Sikotlan ne. Daga Ullapool zuwa Stornoway a tsibirin Lewis tafiyar kusan awa biyu da rabi ce. Daga Oban zuwa Castlebay a tsibirin Barra kuwa ana shafe kusan awa biyar a kan teku, idan iska ta yarda. Kayan kanti da man fetur da kayan gini duk ta nan suke shiga, kifi da dabbobi ta nan suke fita.

A 2008 gwamnati ta ɓullo da wani tsarin rangwame da ke lissafa kuɗin tsallakawa bisa abin da mota za ta ci da a ce titi ne aka shimfiɗa a kan ruwan. An fara da tsibiran da suka fi nisa, sannan a 2015 aka faɗaɗa shi zuwa dukkan hanyoyin CalMac. Niyyar mai kyau ce, a sauƙaƙa wa mazauna rayuwa kuma a jawo baƙi. Amma rangwamen bai bambanta mai gida da baƙo ba. Motoci suka ƙaru, musamman manyan nan masu gado da murhu da banɗaki a ciki, waɗanda ke cin wuri fiye da ƙaramar mota nesa ba kusa ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya rage farashi ya kamata ya san cinkoso na tafe, ya ƙara jirage tun da wuri.

Ga inda rashin adalcin yake. Mai yawon buɗe ido ya san ranar hutunsa tun watanni da dama, sai ya shiga intanet ya kama wuri. Mazaunin tsibiri kuwa bai san ranar da za a yi masa rasuwa ba, bai san ranar da tarakta za ta lalace masa ba. Ƙa'idar wanda ya riga kama wuri shi ke da shi ta yi kama da adalci a takarda, amma a zahiri tana fifita wanda tafiyarsa ta ganin dama ce a kan wanda tasa ta dole ce. Kamfanin yana da tanadi ga masu zuwa asibiti cikin gaggawa, wannan gaskiya ne. To amma ba rashin lafiya kaɗai ke fitar da mutum daga gida ba shiri ba.

Da sabbin jirage sun iso a kan lokaci, da abin ya zo da sauƙi. A 2015 aka bai wa masana'antar Ferguson da ke Port Glasgow kwangilar ƙera manyan jirage biyu a kan fam miliyan 97, da alƙawarin miƙa su a 2018. Ranar da aka yi bikin saukar da na farko, Glen Sannox, cikin ruwa a watan Nuwamban 2017, tagogin ɗakin matuƙinsa fenti ne aka zana. Masu karatunmu ba sa buƙatar a yi musu bayanin wannan salo na ƙaddamar da aikin da ba a gama ba. Masana'antar ta durƙushe a 2019, gwamnati ta karɓe ta, kuɗin aikin ya ninka har kusan sau huɗu. Glen Sannox bai fara ɗaukar fasinja ba sai a watan Janairun 2025, a lokacin ma ɗan'uwansa Glen Rosa ba a kammala shi ba. Kuma sai daga tashar Troon ya fara jigila zuwa tsibirin Arran, domin tashar Ardrossan da aka saba tashi daga ita ba a gyara ta yadda za ta ɗauke shi ba. Ana cikin wannan jinkiri ne dole aka nufi Turkiyya aka ba da odar wasu jirage huɗu.

A tsawon waɗannan shekaru tsofaffin jirage ne suka ci gaba da aiki, wasu sun haura shekara talatin, yau lafiya gobe gyara. Duk sa'ad da ɗaya ya lalace sai a ɗauke na wani tsibiri a toshe gurbin. A watan Yunin 2023 an ɗauke jirgin da ke zuwa Lochboisdale a South Uist kusan wata guda cur, a tsakiyar lokacin ciniki. Ɗaruruwan mutane suka fito zanga-zanga a tsibirin da jama'arsa ba su kai dubu biyu ba.

A kan tudu ma labarin bai bambanta sosai ba. A 2015 aka ƙaddamar da hanyar yawon buɗe ido mai suna North Coast 500, zagaye na kilomita kusan 830 da ke farawa ya ƙare a birnin Inverness. Ba sabon titi aka gina ba. Tsofaffin hanyoyin ƙauyuka ne aka raɗa wa suna aka tallata. Wurare da dama faɗin mota ɗaya ne, sai 'yan wuraren ratsewa da aka fitar a gefe domin mota ta ba wata hanya. A mashigar tsaunin Bealach na Bà, wadda ke hawa har mita 626 kafin ta gangara Applecross, akwai allon gargaɗi ga manyan motoci da sabbin direbobi, amma duk shekara sai an samu masu gwada sa'a. Baƙi kan mai da wuraren ratsewa wurin ajiye mota don ɗaukar hoto, wasu su kwana a bakin maƙabarta, wasu su zubar da ƙazantar motarsu a kwalbati. Ma'aikaciyar jinya da ke zagayen gidajen tsofaffi sai ta bi bayan ayarin da ke tafiyar hawainiya. Abin ya kai a ƙarshen 2024 kamfanin littattafan jagoran matafiya na Fodor's ya sa hanyar cikin jerin wuraren da ya shawarci mutane su sake tunani kafin su je.

Abin da ke jan baƙi zuwa can shi ne sarari da shiru, kwari bayan kwari ba gida ba mutum. Wannan shirun yana da tarihi. Tsakanin kusan 1750 zuwa 1860 masu filaye sun kori dubban talakawa masu magana da harshen Gaelic daga gonakinsu domin kiwon tumaki ya fi kawo riba. A kwarin Strathnaver da ke Sutherland, wanda hanyar ke ratsa bakinsa, har gidaje aka ƙona a kan idon masu su. Da yawa suka ƙare a Kanada da Amurka da Ostareliya. Tsibiran St Kilda kuwa, waɗanda jiragen masu yawon buɗe ido suka riƙa kai wa ziyara tun ƙarni na 19 don kallon mutanensu, an kwashe mazaunansu 36 na ƙarshe a watan Agustan 1930. Kuma ƙaurar ba ta tsaya ba. Ƙidayar 2022 ta nuna jama'ar tsibiran Outer Hebrides, inda Lewis da Barra da South Uist suke, sun ragu zuwa kusan 26,200 daga kusan 27,700 a 2011. Matashin da ba ya samun gidan haya saboda an mai da gidaje masaukin baƙi, kuma ba shi da tabbas kan jirgi, me zai riƙe shi?

Masu otel da gidajen abinci za su ce ba don baƙi ba da tuni an rufe ƙauyuka da dama. Suna da gaskiya, shi ya sa ba ma cewa a rufe ƙofa. Abin da muke cewa shi ne a keɓe wa mazauna kaso na dindindin a kowane jirgi, wanda ba za a sake shi ga kowa ba sai gab da tashi. An gwada irin wannan a hanyoyin Mull da Coll da Tiree, ya kamata ya zama ƙa'ida a ko'ina. Sannan baƙo ya biya abin da ya ci. Dokar da majalisar Sikotlan ta zartar a 2024 ta ba ƙananan hukumomi ikon ɗora haraji a kan kuɗin masauki, amma mai kwana cikin motarsa a gefen titi ba ya biyan ko sisi, alhali shi ya fi nauyi a kan hanya. Hukumar yankin Highland ta fito da takardar fam 40 a mako ga irin waɗannan motoci, ta ce ta ganin dama ce. Kamar yadda kowa zai yi tsammani, kaɗan ne suka ga dama.

Namu da ke shirin zuwa kuwa, akwai abubuwan da ke hannunsu. A can ta hagu ake tuƙi, kuma a hanya mai faɗin mota ɗaya hannu kan so komawa dama idan an firgita. Idan mota ta taho a bayanka, ka ratse ka ba ta hanya, mai yiwuwa aiki za shi. Wanda zai iya barin mota a tasha ya shiga jirgi da ƙafa ya hau bas a tsibirin, ya rage wa wani wahala, ya kuma rage wa kansa kuɗi. Dokar 2003 da ta ba kowa 'yancin yawo da kafa tanti a daji ba ta shafi mota ba. A sayi abinci a kantin ƙauye maimakon a cika bayan mota tun daga Inverness.

A Lewis da Harris ranar Lahadi ranar coci ce da hutu, yawancin kantuna a rufe suke, jirgin Lahadi ma daga Stornoway sai a 2009 ya fara, bayan doguwar taƙaddama. A tanadi abinci da mai tun Asabar, a kuma rage hayaniya. Mai sallah ya duba jadawalinsa da kyau, domin a watan Yuni rana ba ta faɗuwa a can sai bayan ƙarfe goma na dare. A garin na Stornoway akwai ɗan ƙaramin masallaci da aka buɗe a 2018 a wani tsohon gida da aka gyara, na farko a waɗannan tsibirai, kuma cikin masu sallah a ciki har da iyalan Siriya da yaƙi ya koro. Su ma yanzu mazauna tsibiri ne, kuma ranar da tafiyar dole ta kama su, layin jirgin nan suke bi.