Taɓon tafkin Ébrié ya shafe mu, 'yan kasuwar Abijan

A Treichville, kan titin da ake kira Rue des Pêcheurs, akwai cibiyar binciken teku ta ƙasar Kwaddebuwa, wato CRO. Da wuya ka sami ɗaya cikin 'yan uwanmu Hausawa na Adjamé da ya san da zamanta, ko da kuwa kullum yana tsallaka gadar Houphouët-Boigny. Da na faɗa wa wani maƙwabcin shagona cewa akwai malaman da aikinsu shi ne ɗebo taɓo daga ƙarƙashin ruwa su ƙirga tsutsotsi da kaguwa da dodon koɗi, dariya ya yi, ya ce: "Alhaji, lallai boko ya rasa abin yi."

Ni ban yarda da shi ba, kuma ga dalilina.

Kifi idan ruwa ya ɓaci sai ya yi gaba. Su kuwa halittun da ba su da ƙashin baya, irin su kawa da tsutsar taɓo, ba su da inda za su. Nan suke shan duk abin da kwatocin birni suka zubar, su rayu ko su mutu. Shi ya sa mai bincike idan ya tono taɓon gaɓar Cocody ko Biétry ya ga wa ya rage, wa ya ɓace, yake gane lafiyar ruwan tun kafin hanci ya ji wari.

Ruwan nan ma ba yadda kakannin ƙabilar Ébrié suka san shi yake ba. A 1950 aka buɗe mashigin Vridi, gishirin teku ya shigo tafkin, a 1951 tashar jiragen ruwa ta fara aiki. Arzikin da ya kawo iyayenmu daga Tahoua da Kano da Maraɗi daga nan ya taso, ba mai musu. Amma canjin bai tsaya a Abijan ba. Kogin Comoé ya karkata wani ɓangare na ruwansa zuwa Vridi, bakinsa na Grand-Bassam ya riƙa toshewa da rairayi, ciyawar ruwa kuma ta mamaye tafkin tun shekarun 1980. Jatan lande, wanda matanmu ke saye busasshe a kasuwar Adjamé, a teku ake haifarsa, a tafki yake girma, sannan ya koma teku. Ka lalata tafkin, ka yanke masa hanya a tsakiya.

Gaɓar teku ma ba ta tsira ba: can yamma, a Lahou-Kpanda, teku ya ci gidaje har ya kai ga maƙabarta. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2017 lalacewar gaɓar teku ta jawo wa Kwaddebuwa asarar kusan dala biliyan 2. Wanda ya ga abin da sharar jirgin Probo Koala ta yi wa Abijan a 2006 ba ya buƙatar dogon wa'azi.

To ina ruwan Bahaushe? Yaran Nijar da ke soya kifin tuna a rumfunan abincin garba, da mai sayar da kayan miya, da dillalin da ke jiran kwantena, duk daga ruwan nan suke ci. Mu ne kuma, a faɗi gaskiya, muke cikin masu tura leda da ƙazanta a kwata idan damina ta sauka, kamar daga nan sama za su tashi.

Abin da ya dame ni shi ne sakamakon binciken yana zaune cikin rahotannin Faransanci. Ina roƙon malaman CRO da na jami'ar Nangui Abrogoua su kawo shi gidajen rediyo cikin Julanci da Hausa. Shugabannin al'ummarmu na Adjamé da Treichville kuma su gayyace su, ko bayan sallar Juma'a ne, su yi mana bayani. Iyaye kuwa, idan yaro ya ce ilimin teku yake so ya karanta, kada a tilasta masa zaman shago.