ZAUREN MASU RUBUTU: Yaya ake tsara labarin ɓarayi?

Watan nan maganarmu da matasa ce, waɗanda suka iya karatu da rubutu, suke son tsara wasan kwaikwayo. Yau a Agye, da Gazawa, da Gidan Rumji, yaro mai salula yana iya tara abokansa bayan girbi su ɗauki fim. Da yawa labarin sata suke so, don shi ke tara ƴan kallo. To, akwai tsofaffin fina-finan Turawa marasa launi da suka gwanance a kan wannan. Faransawa suna ce musu "baƙin fim", don yawanci cikin dare ake abin, kuma ƙarshensu ba daɗi. Bari mu duba guda uku.

Na farko sunansa The Asphalt Jungle. Jon Huston ya yi shi a Amurka cikin 1950. Wasu mutane ne suka haɗa kai don su fasa kantin zinariya da duwatsu masu tsada. Cikinsu akwai wani ƙato ana ce masa Dikis. Shi ɗan manomi ne. Ubansa yana da gona da dawaki a Kentaki. Uban ya mutu, gonar ta kuɓuce musu, shi kuma ya faɗa birni yana caca. Ba abin da yake so a duniya sai ya fanso gonar nan. Bayan satar aka harbe shi. Ya shiga mota jini na zuba, ya kama hanya mai nisa har ya kai gonar. Ya shiga makiyayar, ya faɗi, dawaki suka zo suna sansanar gawarsa.

Wanda ya taɓa jinginar da gonar gado ya kasa fansa, ba sai an yi masa bayanin Dikis ba. Nan ne aikin mai rubutu yake. Kafin ka ba mutum bindiga, ka gaya mana abin da yake so. Bashi ne ya ci shi? Kuɗin aure yake nema? Ko kuwa girman kai ne, yana son a gan shi bisa babur ranar kasuwar Cadawa? Idan ɓarayinka huɗu ne, kowa da nasa dalili. Ɓarawon da ba shi da dalili dodo ne na tatsuniya, ko yara ba su daɗewa suna tsoronsa.

Na biyu shi ne Rififi, wanda Jul Dasan ya yi a Faransa cikin 1955. Mutum huɗu suka shiga gidan da ke bisa wani kanti a birnin Pari. Suka huda daɓe don su sauka ta sama. Da ramin ya ɗan buɗe, sai suka zura laima a rufe, suka buɗe ta daga ƙasa, don ɓaraguzai su zuba cikinta, kada su faɗi su yi ƙara. Kusan minti 30 ana wannan aiki. Ba wanda ya ce uffan, kuma ba kiɗa. Sai gumi da kallon agogo. Ƴan kallo kuwa ko tari ba su so su yi.

Mu dai gaskiya surutu ya yi mana yawa. A fim ɗin yaranmu sai ka ga mutum biyu bisa tabarma, minti goma suna faɗin abin da za su yi. In sun tashi yi, mun riga mun gaji. Ku tuna yadda jama'a ke tsayawa kallon maƙeri ko mai haƙar rijiya, alhali bai ce da kowa komi ba. Aikin hannu yana riƙe ido. Amma a yi hattara. Har an hana nuna Rififi a wasu ƙasashe, don ana tsoron ya zama makarantar ɓarayi. Kada fim ɗinka ya koya wa kowa yadda ake ɓalle kwadon bankin hatsi.

Me ya kashe mutanen Rififi? Ba ƴan sanda ba ne. Ɗayansu, Sezar, ya ɓoye zobe guda ya ba wata mawaƙiya. Wasu ɓarayi suka ga zoben, suka gane. Dukansu huɗu suka halaka. Haka kuma a fim na uku, The Killing, na Sitanli Kubirik, cikin 1956. An saci dala miliyan 2 ta Amurka a filin sukuwa. Amma ɗaya daga cikinsu ya riga ya gaya wa matarsa, ita kuma ta gaya wa kwartonta. Shugabansu ya tsira da kuɗin, ya zuba cikin tsohon akwati mai lalataccen makulli. An nuna mana makullin nan tun kafin ya isa filin jirgi. A filin jirgi wani ɗan kare ya gitta gaban motar kaya, direba ya kauce, akwati ya faɗi ya buɗe, iska ta watsa kuɗin. Ka shuka abin tun farkon labari, sannan ka girbe shi a ƙarshe. In ba ka shuka ba, ƴan kallo za su ce ƙarya ce.

Sai dai akwai inda ban yarda da fina-finan nan ba. Ba su cika nuna wanda aka yi wa satar ba. Kanti ne na masu kuɗi, ba mu ga kukan kowa ba. Mu kuwa ba haka abin yake ba. Tun 2019 dubban mutane suka gudo daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa ƙasar Gidan Rumji saboda ƴan bindiga. Garuruwanmu na bakin iyaka su ma sun ɗanɗana satar shanu da satar mutane. Cikin masu kallon fim ɗinka akwai wanda aka kore wa garke. Mustafa Alasan, ɗan ƙasarmu, ya gane wannan tun 1966. A fim ɗinsa wani saurayi ya dawo daga Amurka da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. Ya nuna samarin, ya kuma nuna dattawan da abin ya dama.

Don haka in ka rubuta daren sata, ka rubuta safiyarsa. Ka nuna mai shanu tsaye a bakin turke, igiya a ƙasa. Ka nuna matar da ta fito da ƙwaryar tatsa ta koma da ita ba komi. Ka nuna amalanke a jingine ranar kai taki gona.