"Na sha na warke" ba hujja ba ce a kan ciwon gwiwa

Duk mai sauraron rediyo da dare ya san irin tallar. Mai magani zai jero cututtuka, sannan a sako muryar wata dattijuwa tana cewa ta daɗe tana salla a kan kujera, ta sha kwalba biyu, yanzu har sujada take yi. Ni ban ɗauke ta maƙaryaciya ba, ƙila ta samu sauƙin da gaske. Inda nake ja shi ne a ce lallai kwalbar ce ta kawo shi.

Ciwon gwiwa mai zuwa da shekaru, wanda wasu ke kira sanyin ƙashi, wasu amosanin gaɓɓai, yana samuwa ne idan guringuntsin da ya lulluɓe bakin ƙasusuwa ya zaizaye, gaɓar ta riƙa ƙagewa tana kumbura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 365 ke fama da shi a gwiwa, kuma mata sun fi yawa. Halinsa ne ya taso ya lafa. Mu kuwa ba ma neman magani sai ranar da ya kai maƙura, kuma daga maƙura sai saukowa, a sha wani abu ko kada a sha. Duk abin da aka haɗiya a ranar, shi zai kwashe yabon. Ga kuma sa rai, wanda shi kansa yana rage raɗaɗi.

Shi ya sa masu bincike ba sa tambayar ko mutum ya ji sauƙi kawai. Tambayarsu ita ce: ya fi wanda aka ba wa na bogi jin sauƙi? Gwajin da ya fi burge ni a wannan fanni shi ne wanda aka wallafa a 2002, daga asibitin tsofaffin sojoji na birnin Houston a Amurka. A lokacin dubban ɗaruruwan Amurkawa ake yi wa aikin wanke gwiwa duk shekara: a zura siririyar na'ura mai kyamara, a kankare, a ɗauraye. Likitan ƙashi Bruce Moseley da abokan aikinsa suka raba majinyata 180 gida uku ta hanyar ƙuri'a. Wasu aka kankare musu aka wanke, wasu wanki kawai. Rukuni na uku kuwa, an sa su barci, an ɗan tsaga fata, an ɗinke, ba a taɓa cikin gwiwar ba. Kowa ya sa hannu tun farko da sanin cewa zai iya faɗawa wannan rukuni. Shekara biyu ana bibiyarsu, waɗanda aka yi wa aikin gaske ba su fi na bogi samun sauƙi ba. A 2013 likitoci a Finlan suka yi makamancinsa da mutum 146 masu yagewar guringuntsi irin ta tsufa, sakamakon bai canza ba.

To, idan wuƙar likitan Amurka ta zauna wannan jarrabawa ta faɗi, a kan me za a ɗauke wa kwalbar rediyo ita? Kuma kada masu kemis su yi dariya, domin nasu kayan ma sun sha ƙasa. Ƙwayoyin glucosamine da chondroitin, waɗanda 'ya'ya ke saya wa iyaye da tsada da sunan gina guringuntsi, an gwada su a kan mutum 1,583 a Amurka, aka fitar da sakamako a 2006: a jimlace ba su yi wa ƙwayar bogi fintinkau ba. Allurar da ake tace jinin mutum a mayar masa cikin gwiwa, wadda ake yayi yanzu, an gwada ta a Ostireliya da mutum 288, a 2021 aka ga ba ta fi ruwan gishiri ba bayan shekara guda. Allurar sitiroyid a gwiwa tana kwantar da ciwo na 'yan makonni, wannan gaskiya ne. Amma da aka yi ta maimaita wa mutane ita duk wata uku har shekara biyu a Boston, sai guringuntsinsu ya fi na masu ruwan gishiri zaizayewa, ciwon kuma bai fi raguwa ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ma ba maganin da ba ya aiki ba ne, wanda yake aiki ne ta mummunar hanya. Gwaggona ta daɗe tana aiken yaro kemis ya karɓo mata "haɗi", ƙwayoyi kala-kala a ƙulle cikin leda, babu suna babu kwali. Irin wannan haɗi yakan ƙunshi diclofenac da ibuprofen da piroxicam, waɗanda duk dangi ɗaya ne bai kamata a gwama su ba, wani lokaci har da sitiroyid irin dexamethasone. Ciwo kam zai kwanta. Fuskar gwaggona ta cika, 'yan uwa na cewa magani ya karɓe ta, alhali kumburin sitiroyid ne. Bayansa akwai gyambon ciki, da hawan jini, da suga, da lalacewar ƙoda. Shi kansa diclofenac ɗin akwai na shafawa, kuma shi ƙa'idojin likitoci ke cewa a fara da shi a gwiwa, saboda kaɗan ne ke shiga jini.

Abin da ya ci jarrabawa ba shi da mai talla, domin ba a zuba shi a kwalba. A wani gwaji na mutum 454 masu ƙiba a Amurka, wanda aka wallafa a 2013, waɗanda suka haɗa rage ci da motsa jiki na wata 18 sun zubar da kimanin kashi 10 cikin ɗari na nauyinsu, ciwon ya ragu da kusan rabi. A 2020 aka kwatanta atisayen likitan gashin ƙashi da allurar sitiroyid, bayan shekara masu atisaye suka fi samun sauƙi. Dalilin a fili yake: naman cinya ne ke tallafe gwiwa, idan ya yi rauni nauyi ya koma kan gaɓa. Nan ne ladabinmu ke yi mana illa. Da zarar Hajiya ta ce gwiwa, sai mu ce ki zauna ki huta, ga jikoki nan. A kawo mata ruwan alwala, a kawo mata abinci har gado, cinya ta saki, ciwo ya ƙaru. Tausayi ne, amma tausayin da zai ɗauke ta zagaya unguwa da yamma ya fi.

Akwai sababbin abubuwa. Allurar rage ƙiba ta semaglutide ta rage ciwon gwiwa fiye da ta bogi a gwajin mutum 407 da aka fitar a 2024, sai dai kamfanin da ke yin ta ne ya ɗauki nauyin binciken, kuɗinta kuma ba na talaka ba ne. Sauya gwiwa da ta ƙarfe yana aiki ga wanda tasa ta gama lalacewa, amma maganar miliyoyin naira ake yi.

Mai karatu zai lura duk wuraren da na ambata na Turawa ne. Ma'aunin da aka fi amfani da shi a waɗannan gwaje-gwaje, wanda aka tsara a Kanada, yana tambayar majinyaci wahalar sa safa, da shiga mota, da fita daga bahon wanka. Dattijuwar Fagge ko ta Damagaram damuwarta sujada ce, da zaman tahiya, da tsugunno a bayan gida, da tashi daga tabarma. Masana a Jami'ar Ibadan sun lura da wannan giɓi, suka tsara ma'auni mai la'akari da irin rayuwarmu, har an mayar da shi Hausa. Kayan awo ke nan a hannu, saura abin da za a auna.

Na san kalmar gwaji tana da ɗaci a Kano tun abin da ya faru da yara a gwajin maganin Trovan na 1996, kuma mutane suna da hujjar ɗari-ɗari. Amma gwajin da ba a nemi yardar kowa ba, shi ake yi kullum a kan iyayenmu da ƙullin leda da kwalbar tasha, ba mai rubuta sakamako. Lambar NAFDAC a jikin maganin gargajiya ma ba shaidar yana warkarwa ba ce, ta nuna dai an duba ba a ga cutarwa ba. Ina kira ga Asibitin Ƙashi na Dala da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri su gayyaci masu maganin gargajiya da suka yarda da kayansu, a raba majinyata da ƙuri'a bisa yardarsu, rabi su sha na gaske, rabi mai kama da shi, a auna, a sanar da sakamakon da Hausa a gidajen rediyon da ake tallar. Wanda nasa ya ci, ni zan fara saya wa gwaggona. Wanda ya ƙi kawo nasa, a hana shi fili a rediyo.